Gidajen attajiran Kano sun kai tattaɓa-kunne, namu me ya sa ba su wuce uba?

Ɗan Kantin Daji:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun ranar da aka kai Alhaji Aminu Dantata makwancinsa a Madina wani abu ke cina a rai, yau dai na ce bari in kawo shi nan tunda akwai manya. Mutumin nan an haife shi 1931 ya rasu 28 ga Yuni 2025, shekara 94, kuma shi ɗa ne fa ba jika ba ga Alhassan Dantata wanda aka haifa a Bebeji 1877. Ku lissafa da kanku, uba da ɗa kawai sun cinye shekara 148 kuma har gobe gidan na tsaye ana kasuwanci da sunan. To ni kakana Allah shi jiƙanshi nan Gusau ya yi sayen gyaɗa da auduga, yana da manyan motoci ukku, shago huɗu a layi guda, mutane na cin abinci ƙofar gidanshi safe da dare. Ya rasu, shekara biyu ba ta cika ba wallahi ko tayar mota ba ta rage ba. Ni da ke maku wannan rubutu haya nake biya a layin da kakana ke da shago huɗu. Kuma ba mu kaɗai ba ne, ku duba Gusau ku duba Ƙaura ku duba Jega, ku faɗa mani gida nawa ne jika ke zaune kan kasuwancin kakanshi. Mi suka sani wanda mu ba mu sani ba?

Abu Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Yaya amsar a fili take ai, Kano ce. Jirgin ƙasa ya iso masu 1911, Turawa na neman gyaɗa ido rufe, suka ɗauki Alhassan ya zama mai saya masu, shi ke nan. Ko kai aka ba wannan dama da yanzu jikokinka na yawo a jirgin sama. Ba wani sirri.

Baffa na Gummi:
Abu ɗana, yi a hankali. Jirgin nan da kaka magana ai ya zo garinku shi ma, 1929 layin dogo ya ƙare nan Ƙauran Namoda, gyaɗa da auduga anka loda daga nan shekara da shekaru. To ina gidan da ya tsaya? Kuma Alhassan ba shi kaɗai Turawa sunka ɗauka ba, akwai Umaru Sharubutu, akwai Maikano Agogo, akwai Adamu Jakada, duk manyan masu sayen gyaɗa na a Kano lokacin. Yau in ka tsai da yaro a hanya ka ce mai Dantata ya sani, ka ce mai sauran sai ya tsaya kallonka. Ashe ba jirgi kaɗai na ba.

Kuma bari in hwaɗa maku abin da ku yaran yanzu ba ku sani ba, don ya shahe mu kai tsaye. Kahin gyaɗa goro na ad dukiya. Hwataken Gwanja kashi ukku na manya: Agalawa, Tokarawa, da Kambarin Barebari. Su Dantata Agalawa na. Kambarin Barebari kuwa nan Gummi sunka zauna tun farko, daga nan wasu sunka watsu Kano da sauran garuruwa. Ayari in ya taso daga Kano ta ƙasarmu ya ka bi, a yi zango, a bi ta Jega ko a gangara Yawuri a ƙetare Kwara, a shiga ƙasar Bargu har a kai Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja. A tahi da kanwa da tuhwahin Kano da fatu, a komo da huhunan goro bisa jakkai, tahiyar wata da watanni. Madugu na gaba da kowa ga shawara, jagaba shi ka riga ayari shi nemi wurin sauka, ga malamin ayari shina rubuta lissahi shina addu'a. Kakannin wasu cikinku da ke nan guruf ɗin su na ag cikin ayarin nan, ba ku dai tambaya ba.

Ɗan Yawuri:
Baffa Allah shi ƙara lafiya. Wannan magana ta fito haka take, har yau akwai gidaje a Yawuri da in ka bi asalinsu masu jirgin fito ne da fatomomi masu saukar da fatake. To amma me ya kashe hanyar?

Baffa na Gummi:
Ruwa da ƙarhe sunka kashe ta. Turawan Ingila sun ci Ashanti 1874, Salaga ta hwara rauni, 1892 yaƙin basasa ya tashi cikinta hwatake sunka watse. Sannan anka gane ana iya loda goro a jirgin ruwa daga Ankara ta Gana zuwa Ikko, daga Ikko jirgin ƙasa shi kai shi Kano cikin kwanakki. Wa zai kuma bin jaki wata ukku? To nan na bambancin ya hito. Alhassan na cikin na hwarko da sunka koma hanyar teku. Mutanenmu sunka tsaya jiran ayarin da ba shi ƙara zuwa. Jega da ta yi suna ko'ina saboda kasuwa, layin dogo bai taɓa zuwa ba, Birnin Kebbi ma haka.

Abu Ƙaura:
To Baffa ai ka dawo maganata kenan, hanya ce ta bar mu ta koma Kano.

Baffa na Gummi:
Hanya ta bar kowa, wani ya bi ta wani ya zauna. Shi ma Bebeji anka haihe shi ba bakin teku ba.

Ummu Sadiq:
Don Allah ku ɗan tsaya ku warware mani wani abu kafin ku yi nisa, ni kullum ruɗewa nake. Dangote ɗan Aminu Dantata ne ko jikanshi? Wata ta ce mani wai sunan gidan ne aka canza.

Ɗan Kantin Daji:
A'a Hajiya ba ko ɗaya. Bari in jero maki yadda yake. Alhassan Dantata ya rasu 17 ga Agusta 1955. Cikin 'ya'yanshi da suka yi suna akwai Ahmadu, Sanusi, Mamuda, da Aminu. Ahmadu shi ya fara riƙe kamfanin bayan uban, ya rasu 1960, sai Aminu ya karɓa yana da shekara 29. Mamuda shi ne na harkar jigilar alhazai, Wapa ɗin nan ta Fagge da ake canjin kuɗi daga sunan kamfaninshi na alhazai ta samo suna. Sanusi kuma shi ya haifi Hajiya Mariya, ita ce mahaifiyar Aliko Dangote. Kenan Aliko jikan Sanusi ne ta wajen uwa, tattaɓa-kunnen Alhassan, shi kuma Aminu ƙanin kakanshi ne. Dangote sunan gidan ubanshi ne daban, Alhaji Muhammadu Dangote, ya rasu 1965 Aliko na da shekara 8 tunda 1957 aka haife shi, sai ya tashi hannun kakanshi Sanusi. Kamfanin Dantata & Sawoe masu yin hanya kuma ɓangaren Abdulƙadir ne ɗan Sanusi, wato kawun Aliko.

Ummu Sadiq:
Allah ya saka da alheri, yau na gane.

Maman Ilham BK:
Tun ɗazu nake karantawa ina jira wani cikinku maza ya faɗi abin da ke gaban idonku ba wanda ya faɗa, to ni bari in faɗa. Kuna ta uba da ɗa, uba da ɗa. Sunan nan Dantata sunan wa ne? Mahaifin Alhassan sunanshi Abdullahi, bafatake ne, ya rasu yaron na ƙarami. Mahaifiyarshi Amarya ita ma 'yar kasuwa ce mai hannu da shuni, ta tafi Ankara ta bar shi hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Ita ta raine shi, shi ya sa aka ce ɗan Tata. Sunan da yau ke kan kamfanoni da motoci da tituna sunan wata tsohuwa ce da ba ta haife shi ba, riƙo kawai ta yi. Sannan ku zo kan Aliko, ta ina gadon kasuwancin ya iso mashi? Ta wajen uwa, gidan kakanshi na wajen uwa ya buɗe ido ya ga ana ciniki, dangin uwa suka ba shi jarin da ya fara da shi 1977. To mu nan ya muke yi? Mace in an raba gado a miƙa mata 'yan kuɗinta a ce je ki sayi gwal, ba mai tambayarta ko tana son kasonta ya zauna cikin shago. Ɗan 'ya mace kuma ai ba ɗan gida ba ne a wurinmu, sai ka ji ana ɗan wane ne can, kar a saka shi cikin harka. Da gidan Sanusi sun yi haka da yaron nan maraya mai shekara 8 da yau babu matatar mai ta Lekki mai tace ganga 650,000 a rana.

Ni babana shinkafa ya yi a nan Birnin Kebbi, tun ana sayen shanshera a ƙauyukan fadama ana kawowa mata su turara su surfa. Mu tara ne, ni ce na fi kowa sanin lissafinshi don ni ke rubuta mashi littafi tun ina aji huɗu na firamare, na san wa ke binshi na san wa yake bi. Ranar da ya rasu ko sallama ba a yi mani ba wajen maganar shago, yayyena suka rufe ƙofa suka gama. Ba zan ce sun ci haƙƙina ba, sun ba ni kasona cif, amma littafin nan ba wanda ya buɗe shi, bashin da mutane za su biya har yau yana waje. Abin na mani ciwo har gobe, ba don kuɗin ba, don wahalar bawan Allah nan ta shekara arba'in da ta tafi a wata shida.

Ɗan Yawuri:
Hajiya wallahi jikina ya yi sanyi. Allah shi jiƙan Baba.

Abu Ƙaura:
Amin. Hajiya na yarda da rabin maganarki amma kar mu mai da abin kamar tarbiyya ce kawai. Lasisin shigo da shinkafa da sukari da siminti ba tarbiyya ke ba da shi ba, sai kana da wanda zai ɗaga waya a amsa. Lokacin Obasanjo da aka ce duk mai son shigo da siminti sai ya nuna yana gina masana'anta a gida, waɗanda ke da ƙarfin shiga banki su ciyo bashi su suka amfana, masana'antar simintin Dangote ta Obajana ta tashi. Ɗan Gusau mai mota ukku wa zai ba shi wannan bashi? Shi kanshi Alhaji Aminu ai ya yi kwamishina a Kano zamanin Audu Baƙo. Ba laifi nake cewa sun yi ba, cewa nake kusanci da hukuma na cikin gadon da ake bar ma yaro, kuma mu ba mu da shi. Mu Zamfara sai 1996 muka samu jiha, Kebbi 1991, kafin nan komai sai ka je Sakkwato ko Kaduna. Masaƙar Gusau da ta riƙe dubban gidaje ta mutu muna kallo. Yanzu kuma ga 'yan bindiga, mutum ya tara ɗan abin hannunshi a kasuwar Shinkafi a tare shi a hanya, kuɗin fansa su cinye jarin da ya kamata ɗanshi ya gada. Wane gida zai kai jika a haka?

Ɗan Kantin Daji:
Abu maganar tsaro ba mai musa maka, duk muna ciki. Amma kakana ya rasu tun ba a san wannan masifa ba, ana tafiya Funtuwa da tsakar dare lafiya lau. Ba ɗan bindiga ya ci motocinshi ba, mu muka ci.

Almajirin Jega:
Salamu alaikum. Na ga ana ta zagaye wani wuri ana jin nauyin taɓawa, wato rabon gado, kuma na sha jin matasa suna cewa a ɓoye wai shi ke rusa dukiyar Bahaushe. Ina roƙonku ku bar wannan zato. Gidan Dantata ai Musulmi ne kuma an raba gadon Alhassan bisa shari'a, ba a hana kowa haƙƙinshi ba. Abin da ya yi shi ne tun yana da rai ya kafa kamfani da sunan shi da 'ya'yanshi, ya saka su cikin aiki suna yara, kuma da ciwon ajali ya kama shi ya tara su ya yi masu wasiyya su zauna tare kar su bari kamfanin ya watse. Shari'a ta ce namiji rabon mata biyu, matar mamaci tumuni (ɗaya bisa takwas) in akwai ɗa, uwa da uba sudusi (ɗaya bisa shida) kowanne, wasiyya ba ta wuce sulusi (ɗaya bisa ukku) kuma ba a yi wa magaji. Ba inda ta ce dole a sayar da mota a raba kuɗin a ranar sadakar arba'in. Magada in sun yarda suna iya barin dukiyar a haɗe su zama abokan tarayya, kowa a rubuta kasonshi, riba in ta fito a raba bisa wannan kaso, wanda ke gudanarwa a yanka mashi albashi. Wanda ya matsu yana son nashi a ƙiyasta a biya shi, 'yan'uwa su saye. Wannan shirka ce ta ciniki, tana nan cikin littattafan fiƙihunmu na Malikiyya da muke karantawa a zaure. Akwai kuma waƙafi, mutum ya tsayar da wani gida ko shago tun yana da lafiya, ba a sayarwa ba a gado, amfaninshi kawai ake ci.

Abin da ke hana mu ba nassi ba ne. Gida mai mata huɗu ɗaki huɗu, kowane ɗaki na zargin ɗaya, uban kuma bai taɓa zaunar da su wuri guda ya buɗe masu littafi ba don yana ganin in yaro ya san abin da ke akwai zai lalace ko ya yi mashi fatan mutuwa. Sai ya mutu da lissafin a kanshi. Ni an sha kirana rabon gado, sau da yawa rabin yini muke yi muna neman sanin me mamacin ma ya mallaka.

Maman Ilham BK:
Allah shi gafarta Malam, da an samu mai faɗa mana haka a lokacin da shagon babana na nan.

Baffa na Gummi:
Malam ya gama magana. In ƙara da gida guda don kar a ce Dantata kaɗai muka gani. Ku dubi gidan Isyaka Rabi'u. Ubanai Malam Rabi'u Ɗantinƙi malamin Alƙur'ani na, ba attajiri ba. Shi Malam Isyaka ya haddace Alƙur'ani sannan ya shiga kasuwa, ya yi masaƙa ya yi gidaje, ya zama Halihwan Tijjaniyya, ya rasu 2018. Lokacin da soja sunka tsare shi 1984 ɗanai Abdussamadu na da shekara 24, shi ya riƙe harkokin gidan. Da ba a koya mai ba ƙaƙa za shi riƙe? 1988 ya buɗe nashi, BUA, wanga siminti da kuka ginawa da shi daga Kalambaina nan Sakkwato nashi na. Kun gani, wanga gida daga allo ya taso, wancan daga huhun goro. Ba jini guda ba, ba asali guda ba. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe, gaskiya ta, amma sai in ɗan ya ga gudun da idonai.

Kuma akwai yaran gida, wanda ku ba ku ambata ba. Attajirin Kano shina ɗaukar yaro ba danginai ba, shi ba shi kaya bashi shi tura shi ƙauye sayen gyaɗa, in ya ga amana shi yi mai aure shi ba shi jari. Gidan Dantata da irin waɗanga mutane ɗaruruwa ya tsaya, dalar gyaɗa ba mutum guda ya ɗora buhunanta ba. Mu kuwa yaron shago sai shi shekara ashirin bai san ranar da za a sallame shi ba, to don mi zai tsare ma ɗiyanka dukiya bayan ranka?

Abu Ƙaura:
Wannan ta yaron shago ta same ni Baffa, don ni kaina shekara tara na yi a shagon wani kafin in fita da hannuna haka nan. Amma har yanzu ina nan kan cewa ko mun gyara duk wannan, in ba wuta ba hanya ba tsaro sai dai yaran namu su kwashe jarin su koma Kano ko Abuja, kamar yadda Kambarin Barebarin da ka faɗa suka bar Gummi.

Ɗan Yawuri:
To ko sun koma ai gidan bai mutu ba Abu, wuri ya sauya. Aliko ma Legas ya koma tun yana saurayi.

Ummu Sadiq:
Ni tambayata ga Malam, in mutum na da ɗan shagon atamfa kawai ba wani kamfani ba, shi ma zai iya wannan rubutun kaso? Ko sai mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni CAC?

Almajirin Jega:
Zai iya Hajiya. Takarda da shaidu biyu adilai sun isa a shari'a, a rubuta jari nawa, kason kowa nawa, wa ke riƙewa, yaushe ake lissafi. Rajistar kamfani tana ƙara ƙarfi ne wajen banki da kotu, kuma tana raba aljihun mutum da aljihun shago, wanda shi ne ciwon da ya fi kashe mu, a ɗebi kuɗin kaya a yi biki a ce za a mayar.

Ɗan Kantin Daji:
Jama'a na ɗan ɓace ne don maganar Maman Ilham ta sa na kira gwaggona da ke Tudun Wada, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana. Wallahi ban taɓa tambayarta komai kan kasuwancinshi ba sai yau, shekarata 41. Ta ce mani uban kakana ba ma ɗan Gusau ba ne, daga wajen Gummi ya zo da jakkai yana sayar da goro, lokacin da aka ce jirgi ya iso shi ne ya zauna. Baffa ka ji fa. Kuma ta ce akwai littattafan lissafin kakana guda biyu da ajami cikin adakarta, ta ɗauke su ne ranar da ake rabo don ta ga za a zubar, ta ce har sunayen yaran gidanshi na ƙauyuka suna ciki. Muna waya tana kuka. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je in ɗauko, amma ni ajamin da nake iya karantawa bai wuce na allo ba.

Baffa na Gummi:
Tambaye ta sunan unguwar da kakan naku ya hito da sunan ubanai, ka turo man ta waya ba nan ba. Akwai tsohhi biyu nan da ba su mance gidajen hwatake ba, in kai masu.

Almajirin Jega:
Ka ɗauki hoton shafukan da rana a waje, kar ka tanƙwara takardar, ka turo mani goma-goma. In rubutun ya shafe a wani wuri sai ka zo da su Jega mu duba tare.

Maman Ilham BK:
In za ka je ka tafi da 'yarka babba ta zauna kusa da gwaggon ta ji da kunnenta. Ni ma na sa a nemo mani littafin babana a ɗakin yayana.